Ranar da Kawu Ya Ɓata a Lambun da Ya Zana

Ni mai fenti ne. Shekara goma sha tara ina rubuta alluna a wurin shaƙatawar da kawuna ya zana, kuma in za a faɗi gaskiya, rabin ɓarnar da aka yi wa wurin da hannuna aka yi ta.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya tsara wurin tun yana fili da ƙaton kududdufi a tsakiya. Tsarin nasa ba wuya. Hanya ɗaya ce ta taso daga ƙofa tana lanƙwasa cikin bishiyoyi, ba ka ganin komai sai inuwa. Ka yi tafiyar minti huɗu, ka sha kwana, kawai sai ga tafki shimfiɗe a gabanka, ga babban lilo yana juyawa a bayansa, ga ƙaramin jirgin ƙasa yana bin bakin ruwa. Kawu yakan ce duk wahalar da ya sha, don wannan kwanar ya sha ta. So yake mutum ya tsaya cak, yaron da ke kuka ya manta abin da yake wa kukan. A zamaninsa alluna uku ne kacal a wurin: Shiga, Fita, Banɗaki.

Da ya yi ritaya, masu wurin suka kawo sabon manaja. Mutum ne mai fara'a, ba zagi ba tsawa, sai dai idonsa ba ya ganin fili ya bar shi ya huta. Duk matsalar da aka kai masa, amsarsa ɗaya ce: “A ƙara wani abu.” Kafin wata biyu ma'aikata sun raɗa masa Oga A-Ƙara. Da sunan ya kai kunnensa ya ji daɗi, ya ɗauka yabo ne.

Ya je wani taro ya dawo da dodon roba mai tsawon bene, aka kafa shi a bakin ƙofa. Yara suka riƙa ihu suna ƙin shiga, sai ya ce a ƙara zomo mai murmushi kusa da shi don ya kwantar musu da hankali. Zomon ya fi dodon ban tsoro. Aka kawo jirgin 'yan fashin teku aka ajiye a kan ciyawa, taku ashirin daga ruwa, domin wanda ya kawo shi ya ce ruwa na ɓata masa fenti. Aka yi roka, irin ta zuwa duniyar wata. Aka yi fada ta katako mai ruwan hoda. Aka rataya lasifika a jikin bishiyoyi, in ka tsaya a tsakiya sai ka ji waƙa uku lokaci guda, kowace tana ƙoƙarin danne 'yar'uwarta. Rumfunan gugguru da askirim kuwa suka jeru a bakin ruwa kafaɗa da kafaɗa.

Mutane suka fara tambayar ina tafkin yake. Oga ya ce in rubuta allo. Na rubuta TAFKI NA GABA. Ba su gan shi ba saboda allon roka ya tare shi, sai na rubuta wani mai nuna inda allon farko yake. A haka har Madam Talla, shugabar sashen tallace-tallace, ta kawo shawarar da kowa ya tafa mata: tunda rumfuna sun rufe tafkin, a zana shi a ƙaton allo a kafa daidai kwanar nan, mutane su riƙa ɗaukar hoto. Ni na zana. Ya yi kyau sosai, Allah ya yafe mini. Mutane sukan yi layi su ɗauki hoto a gabansa su koma gida suna cewa ruwan wurin akwai tsabta.

Amma ba kowa ya ruɗu ba. Akwatin ƙorafi ya cika har ba ya rufuwa. Wata mata ta rubuta cewa a nan aka kawo ta tana yarinya, yanzu ta kawo 'ya'yanta ta tarar da kasuwar gwanjo. Magana ta kai ga masu wurin, suka bugo waya suka ce a gyara. Oga bai ɓata lokaci ba, ya kafa Kwamitin Dawo da Asalin Manufa, ya sa na rubuta masa allo, sannan ya ce in gayyato Kawu.

Shekara goma sha biyu rabon Kawu da wurin. Da na je ɗaukarsa, Goggo, matarsa, ta ja ni gefe.

“Ka san abin da kuka mayar da wurin nan, za ka kai shi?”

“Goggo, gyara za a yi.”

“To na ba shi maganin hawan jininsa. Sauran yana wuyanka.”

A bakin ƙofa Kawu ya daɗe yana duban dodon, ya dubi zomon. Na kama hannunsa zan bi da shi ta hanyar ma'aikata, ya zame.

“Je ka, ɗana, zan same ku a ofis. Ni na yi hanyar nan, ba mai nuna mini ita.”

Na tafi. Muka zauna a ɗakin taro muna jira. Aka sha shayi, aka sake sha. Bayan kusan awa guda sai waƙoƙin nan uku suka tsaya, muryar mace ta fito daga lasifika: “An tsinci wani dattijo mai farar riga da sanda, ya ce shi ya gina wurin nan. Iyalansa su zo ɗakin ɓatattun yara su karɓe shi.”

Na same shi zaune a wata 'yar kujera ja, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, an ba shi balan-balan ya riƙe. Matar da ke kula da ɗakin ta raɗa mini cewa tun ɗazu yake ta sambatu, in kai shi asibiti.

“Sau uku ina bin allon tafki,” in ji Kawu, “sau uku ina fitowa a banɗaki. Wa ya rubuta su?”

“Ni ne, Kawu.”

Ya gyaɗa kai. “Rubutunka ya yi kyau.”

Da ma marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Oga ya tarbe shi da hannu biyu, ya kira shi Baba, ya ba shi kujerar da ta fi kowace laushi. Ya buɗe taro da cewa kowa ya yarda tarkace sun yi yawa, yau za a yi maganinsu, kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Madam Talla ta fara. Ta ce dodon nan ya fita, ya tsufa, wuyansa har ya fara tsagewa.

Injiniyan wurin ya yi zumbur, don shi ke kula da dodon, kuma saboda shi aka ba shi ma'aikata huɗu. “Dodo? Dodon da mutane ke kwatance da shi? In za a cire abu, a fara da fadar nan taku mai ruwan hoda. Ko ƙofa ba ta da ita.”

“Ba don shiga aka yi ta ba, don hoto ne,” in ji Madam Talla.

“To rumfuna fa?” wani ya ce.

Mai kula da rumfuna, wanda bai taɓa magana a taro ba, ya miƙe ya yi jawabin minti goma a kan yunwar yara. Daga nan aka koma kan lasifika. An yarda waƙa uku sun yi yawa, amma da aka zo zaɓen wadda za a bari sai ya zamana kowace da mai ita. Injiniya ya ce a ƙara ta huɗu mai sanyi wadda za ta haɗa su. Oga ya rubuta wannan a takarda.

Duk wannan Kawu na zaune da sanda tsakanin ƙafafunsa. Sai da aka gaji Oga ya juyo. “Baba, a ba mu asalin manufar, daga bakin mai ita.”

Kawu ya ce, “Ba wata manufa mai tsawo. Mutum ya taso daga gida kansa cike da hayaniya. Na so ya samu wuri ɗaya da ba a ce masa duba nan, saya nan, shiga nan. Ya yi tafiya, ya ga ruwa. Shi ke nan. Ku daina sawa, ku fara cirewa.”

Na ga idon Oga ya kawo ruwa.

“Kun ji?” ya ce. “Ya yi tafiya, ya ga ruwa! Mai fenti, wannan maganar a rubuta ta da manyan baƙaƙe. Za mu gina Zauren Asalin Manufa, mu sa hotunan da. A gabansa kuma mutum-mutumin Baba, yana nuna ruwa da sanda.”

Aka tafa. Madam Talla ta ce a sa masa fitilu masu canza launi.

Kawu ya ɗaga hannu. “Ban zo neman gunki ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ku cire abu ɗaya. Ɗaya tak, ko mene ne, in ga an fara kafin in tafi.”

Oga ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, yau ɗin nan za a yi. Ya sa aka kawo jerin duk abin da ke wurin, shafi tara. Ya ce zai riƙa karantawa, duk abin da ba wanda ya tsaya masa, shi za a cire.

Nan na yi ta maza, karon farko cikin shekarun nan. Na ce, “Ranka ya daɗe, a cire allon tafkin da na zana. Ni na yi shi, ni na ce a cire.”

Suka yi mini ca. Madam Talla ta ce shi ne abin da aka fi ɗauka a hoto a duk wurin, ba nawa ba ne yanzu, na jama'a ne. Oga ya ce tawali'u abu ne mai kyau amma kada ya yi yawa. Na zauna.

Aka yi ta karatu. Roka na da mai ita. Zomo na da mutum biyu. Har kwandon shara mai siffar kada an samu wanda ya rantse 'yarsa ba ta cin abinci sai ta gan shi. A shafi na tara, layin ƙarshe, Oga ya karanta: “Bencin dutse, guda ɗaya, bayan allon tafki.”

Ba wanda ya tsaya masa. Yawancinsu ba su ma san da shi ba.

“Me yake yi?” Oga ya tambaya.

“Ba ya komai,” in ji Injiniya. “Ba wuta, ba kiɗa, ba ya juyawa. Zama kawai ake yi a kai.”

“Wanda ya zauna kuwa ba ya sayen komai,” in ji Madam Talla.

Na dubi Kawu. Shi ya sassaƙa bencin nan da kansa, ya ajiye shi a inda mutum zai so ya zauna in ya sha kwana ya ga ruwa. Shi kaɗai ya rage a cikin abin da ya yi da hannunsa a wurin. Bakinsa ya motsa, na zaci zai yi faɗa, sai kawai ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

“Ku ba ni shi,” ya ce.

Oga ya rungume shi, ya ce a rubuta a rahoto cewa an fara rage tarkace bisa shawarar wanda ya kafa wurin.

Mu shida muka ɗora bencin a motar kaya, muka sauke shi a tsakar gidan Kawu, ƙarƙashin bishiya. Goggo ta zagaya shi sau biyu ta ce, “Wannan ne gyaran?” A hanya ban iya duban fuskar Kawu ba. Sai da zan tafi ya ce kada in bar aikina saboda shi, ina da iyali. Ban bari ba. Amma tun daga ranar duk allon da aka ce in rubuta, nakan ce fenti bai bushe ba, in yi ta jan ƙafa har a manta. Na kashe guda goma sha ɗaya a haka.

Bayan wata uku aka buɗe zauren, aka yaye ƙyallen da ke kan mutum-mutumin. Kawu bai je ba, ni na ɗauko masa hoto a waya. Tun a wurin na ga akwai matsala: gunkin gajere ne mai tumbi da gashin baki, Kawu kuwa dogo ne siriri. Ashe tsohon hoton ranar buɗe wurin aka ba mai sassaƙa, mutum biyu ne a ciki, ya ɗauki wanda ya fi kama da mai gida.

Kawu ya sa tabarau ya duba da kyau. “Ai ɗan kwangilar da ya yi mana banɗaki ne. Mun yi rigima da shi sosai, ya so ya cike tafkin ya yi wurin ajiye motoci.”

“Gobe zan gaya wa Oga a gyara, Kawu. Wannan cin fuska ne.”

Ya miƙo mini wayar, ya gyara zama a kan bencinsa.

“Kul ka faɗa,” ya ce. “Bar shi a wurin. Gara jama'a su ɗauka shi ya tsara wurin.”