Alkyabbar Dda Belaid Tana Hannun Aro

"Ba wannan ba," in ji Dda Belaid, ya ture bargon da ƙafa. "Alkyabbata nake so."

'Yarsa Feruja ta dube ni, ni ma na dube ta. Tsohon ya daina cin abinci, idonsa ya daɗe da mutuwa, likita kuma ya ce a kai shi gida kawai. Ni maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba mu, don haka ni ta ja gefe.

"Nna Wardiya, wallahi ban san inda take ba. Ya ba da aro."

"Wa ya ba?"

"Wa bai ba ba?"

Gaskiyarta. Farar alkyabbar ulun nan ta fi mai ita yawo. Duk amaryar da za ta bar gidan ubanta a ƙauyenmu, a cikinta take fita. Yaron da aka yi wa kaciya, ita ake yafa masa. Ko rikicin iyakar gona aka yi, sai an aro ta mai sulhu ya saka, wai maganarsa ta fi nauyi. Yau ga mai ita yana so ya mutu a cikinta, an rasa gidan da ta kwana.

Na ɗaura ɗamara na fita. Lokacin tsinkar zaitun ne, rabin gidaje a kulle, sanyi kuma yana shiga har ƙashi.

Tasadit, wadda ta aurar da 'yarta kwanan nan, na fara samu tana murza kuskus.

"Mun mayar tun bayan bikin 'yata. Amma tsaya, wa ya ce tasa ce? Kakata ce ta saƙa wa kakana, aro aka yi aka manta."

"Yanzu mutum yana bakin mutuwa za ki tuno da kakarki?"

"To, je wurin Akli."

Da na faɗa wa Akli mai aski abin da ta ce, ya ajiye reza, ya bar mutum da rabin gemu.

"Kakar Tasadit? Matar da ko igiya ba ta iya tufkawa ba? Lokacin yaƙi wani baƙo ya sauko daga dutse, ya lulluɓe Belaid da ita ya wuce. Kowa ya sani."

"Tarihi na tambaye ka? Ina take?"

"Ba wurinki take ba?"

Na kusa kwaɗa masa kwanon sabulu. A wurin matsar man zaitun aka ce min daga birnin Tunis aka kawo ta. Wata tsohuwa ta rantse uwarsa ce ta saƙa da cikinsa. Kowa ya san asalinta, ba wanda ya san inda take. Kaina ya ɗaure har na soma shakkar ko ni ɗin ce na ara na manta. Sai can wani ya tuna an naɗe wata mai naƙuda da ita an tafi asibitin birni, hanyar kuma dusar ƙanƙara ta toshe ta tun jiya.

Na tsaya a tsakiyar lungu, kuka ya zo min. Ban iya shiga na ce masa babu ba. Na faɗa ɗakina, na buɗe akwatin da ban taɓa ba tun rasuwar mijina Arezki, na ɗauko tasa. Fara ce ita ma, shi kuma tsohon ba ya gani.

Feruja ta gane, amma ta kama ɗaya gefen. Muka yafa masa.

Ya shafa kafaɗar, ya bi ɗinkin wuyan da yatsa, ya kai hular alkyabbar hanci ya shaƙa.

"Wannan ta Arezki ce," ya ce.

"Dda Belaid, taka tana..."

"Shi ya aiko ki?"

Na ce, "Shi ne."

"Kullum gaggawa, Arezki. Ce masa ya jira ni a bakin rijiya, ina ɗaura takalmi."

Ya ja ta har haɓa, ya juya fuska wajen bango. Kafin la'asar ya cika, Feruja ta rufe masa ido. Ni kuwa ina zaune kusa da murhu, hannuna riƙe da gefen alkyabbar, ɗumin jikinsa bai gama fita daga ulun ba.