Gawar da Malam Kailani Ya Ɗauko

Iska ta yaye rufin ɗakin tarihin makarantar, sai shugaba ya ce Malam Kailani, mai kula da ɗakin, ya adana wata tsohuwar bindiga da ke cikin ɗakin a gidansa na Tudun Wada har a gama gyara. Ta sojan Turawa ce, irin ta farko da ake ɗura wa harsashi ta baya, ba ta baki ba. Ta fi shekara ɗari ba ta yi ko tari ba, amma wa zai tsaya jin tarihi a zamanin 'yan bindiga? A gan ka da ita a titi, kafin ka yi bayani an rotsa maka kai.

Ranar mayar da ita, Malam ya yi dabara, wai shi mai wayo. Ya naɗe ta da farin yadi, ya nannaɗe da tabarma, ya rungumo ta da hannu biyu, ya fito fuska a murtuke saboda tsoro.

Mai shayin bakin layi ya miƙe zumbur. "Inna lillahi! Malam, wane yaron ne ya rasu?"

Kailani ya ƙara sauri. Da ya waiwaya, ga mutane sun jeru a bayansa, har 'yan acaɓa sun jingine babura, kowa na neman ladan rakiya. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. In ya yi shiru, sai maƙabarta. In ya ce bindiga ce, shi ne gawar.

A mararraba Baba Nagoda, dattijon unguwa, ya sha gabansa. "Kawo in karɓe ka, ɗana."

Ba a hana mutum ɗaukar gawa. Kailani ya miƙa masa. Tsohon ya ji nauyin ƙarfe, ya laluba ta cikin tabarmar har yatsansa ya tsaya a kan kunama. Ya zuba wa Kailani ido.

"Ta makaranta ce, Baba," Kailani ya ce a hankali. "Ka rufa mini asiri."

Baba Nagoda ya juya. "Jama'a, ku koma bakin sana'arku. Kayan makaranta ne, ba mutum ba."

Aka watse ana dariya. Kailani ya miƙa hannu, tsohon ya ƙi sakinta.

"Irinta ce ta kashe kakana," ya ce. "Ba mu samu gawarsa ba. Bar ni in ɗauki tata."