Gwangwanin Baba Gana

Kanikawa uku Ajimi, dillalin shanu, ya kai wa motarsa, kuma duk bakinsu ɗaya: sai an sauke inji. Ga ta nan tana tsiyayar baƙin mai duk inda ta tsaya. Ransa a ɓace ya shiga unguwar Hausari, wurin tsohon bakanike Baba Gana.

Tsohon ya bi wani siririn tiyo da yatsa, sai ga mataccen fulogi an cusa a bakinsa.

"Wane marar tausayi ne ya toshe wannan?"

Ajimi ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba. Na ga yana feso mai."

"Ta nan inji yake numfashi!"

Baba Gana ya huda gwangwanin madara wuri biyu, ya cika shi da soson ƙarfe na wanke tukunya, ya haɗa tiyon, yadda iska za ta wuce, mai ya tsaya a ciki.

Bayan mako guda Ajimi ya dawo daga garin Khaddamari, ƙarƙashin mota a bushe ƙayau. Ya durƙusa yana ta godiya.

Tsohon ya juye gwangwanin, ya harare shi. "Shekara nawa kana duba hancin sa kafin ka saya, amma ka toshe na motarka?"