Ba Za a Yanko Ni a Ruwan Hoda Ba

Ni na fara gano abin, tun kafin kowa a gidan nan ya farga. Ban zauna a aji ko na yini ɗaya ba, amma shekara hamsin da ɗaya na yi ina karanta fuskar teku, balle fuskar 'yar da na haifa. Ranar goma ga azumi 'yata Wartini ta shigo da leda a hannu tana wani murmushi, na ce a raina, Sarkawi, yau an zo auna maka likkafani.

"Pak," ta ce, don haka ake kiran uba a wajenmu, "ga ankon bana. Washegarin Sallah za mu je garin Rembang a ɗauke mu hoto, mu ashirin da uku. Har yayana Darmaji zai zo daga Jakarta da iyalinsa."

Ta zaro riga. Ruwan hoda! Irin launin alewar da ake sayar wa yara a bakin kasuwa, tana wani ƙyalli kamar cikin kifi.

"Kuma mai hoton zai ɗauke ka kai kaɗai, guda ɗaya tak," ta faɗa tana kallon ƙasa.

To, ka ji inda zancen yake. Wa bai san inda hoton tsoho shi kaɗai yake zuwa ba? Ran addu'ar arba'in ake raba ɗan littafin Yasin, da fuskar mamaci a bangonsa. Bara aka yi wa Kasmuri, wanda muka yi shekara talatin a jirgi ɗaya, mutumin da ke ɗaga injin jirgi shi kaɗai. 'Ya'yansa suka yanko kansa daga hoton Sallah, cikin riga mai furanni, ga yatsu huɗu na wata jikarsa a kafaɗarsa, babu mai su. A rumfar mai kofi littafin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu ana cewa, "Allah Ya jiƙan amarya." Ni ma na yi dariya har da ƙwalla, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa na san abin da ke jirana.

Na ce, "Nduk, 'yata, mayar da ita leda."

"Pak, an riga an ɗinka ashirin da uku."

"Sai ki fita titi ki nemo na ashirin da ukun. Ni baƙar rigata zan sa."

"Wannan tsumman? Kyankyasai ma sun gaji da ita sun bar ta!"

Tsumma! Rigar da ke jikina lokacin da jirginmu ya dare biyu a bayan tsibiran Karimunjawa. Mu tara muka fita, ni kaɗai na dawo. Kwana huɗu ina ɗaure da duron mai, igiya ta ci ƙirjina har ta bar mini tabo kamar an ja layi da wuƙa. Da wannan rigar nake so a tuna ni, maɓallai biyu a buɗe, tabon a fili.

Daga ranar muka shiga gaba. Na daina buɗa-baki a gida, masallaci nake tafiya in ci abin da aka kai sadaka. Ita kuma ta ɗauke baƙar rigar ta ɓoye. Ni za a ɓoye wa abu? Ni da nake gano inda kifi yake a ƙarƙashin ruwa? A bayan buhun shinkafa na same ta, na sa ta a jikina, da ita nake kwana da ita nake tashi.

Darmaji ya iso ana gobe Sallah, ya zauna yana yi mini irin maganar mutanen ofis, a hankali, kamar mai lallashin akuya.

"Pak, launi ne kawai. Ni ma fa zan sa."

"Kai ka dace da shi. Tun kana yaro amai kake yi in ka ga jirgi."

Washegarin Sallah motoci uku suka tsaya a ƙofar shagon hoton. Mutum ashirin da biyu suka fito ruwan hoda, kamar an zubar da tiren alewa, ni na fito baƙi ƙirin. Mai hoton, wani mai gemun akuya da ake kira Teguh, ya dube ni ya dubi Wartini.

"Mbah," ya ce, wato Kaka, "ba ka canza kaya ba ne?"

"Kai ka canza gemu?"

A nan Wartini ta fashe. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"E, na littafi ne! Ka ji daɗi? Na littafi ne! Sau nawa Mak, uwar da ta haife mu, ta roƙe ka ku zo a ɗauke ku? Ka ce hoto aikin marasa aikin yi ne. Da ta rasu, fure aka zana a inda fuskarta za ta zauna. 'Ya'yana suna tambayata kamannin kakarsu, fure nake nuna musu! Yau ina so sau ɗaya ka yi kama da namu, ka zo mini da rigar matattu takwas!"

Raina ya ɓaci fiye da da, domin matata Sumirah ta roƙe ni ɗin, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma a gaban surukai da jikoki za a faɗa mini?

Na ce, "Kawo rigar."

Na sa ta. Aka zaunar da ni a tsakiya, Wartini a damana, Darmaji a haguna, kowa ya bar 'yar tazara tsakaninsa da ni. Na gane tazarar, ta almakashi ce. Teguh ya ce ɗaya, ya ce biyu. Kafin ya ce uku na cafko kan Wartini na manna kuncinta da nawa, na maƙale wuyan Darmaji na jawo shi har hularsa ta rufe mini rabin kunne. Hannun da ya riƙe duro kwana huɗu, su waye su da za su ƙwace?

"Pak, kana shaƙe ni!"

"Yi murmushi, ɗan ofis."

Teguh ya ce a sake. Aka sake, na sake. Sau biyar. Ya duba abinsa ya sosa gemu ya ce wa Wartini, "Gaskiya wannan ko na'ura sai ta sha wuya."

Na tuɓe ruwan hodan na miƙa mata, na mayar da baƙata, na buɗe maɓallai biyu.

"Kin samu naku. Na ni kaɗai kuma, ko a wannan, ko ki zana mini fure."

Ta daɗe tana kallona, gyalenta ya karkace, idonta ja.

"Ɗauke shi, Mas," ta ce wa Teguh, irin kiran da ake yi wa yaya. "Ɗauke shi da tsummansa."

Yau kwana tara ba ta yi mini magana ba, sai dai ta dire kwanon shinkafa ta juya. A rumfar mai kofi kuma na ji wasu suna cewa wai Wartini ce ta yi nasara, tunda dai na sa rigar, kuma wai ran arba'in ɗina a cikinta za su gan ni. Babban hoton yana rataye a falonmu. Duk mai wannan magana ya zo da almakashinsa, in ba shi da shi zan ara masa na gyaran taru. In ya fitar da kaina ba tare da ya yanke wa Wartini kunci ba, ni Sarkawi zan sa ruwan hodan nan in tafi masallacin Juma'a, in zauna a sahun gaba.