Shuɗi Iri Biyu

Akwatunan katako ɗari da ashirin ne jere a kan kanta, kowanne da shekararsa a goshi, kuma rubutun da ke kan fiye da rabinsu nata ne. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon su kamar wadda ta tarar da tsofaffin ƙawayenta a gidan da ba ta zata ba. Shekara talatin da huɗu ta yi a wannan ɗakin gwaje-gwaje tana duba kakin masu tari a ƙarƙashin madubin ganin ƙwayoyin cuta, yau shekara goma sha ɗaya da yin ritayarta. An sauya tagogi, an sa na'urar sanyaya ɗaki, an fasa tsohon kwamin siminti an kawo na ƙarfe. Warin magani ne kaɗai ya ƙi yin ritaya.

"Shigo mana, Gwaggo, ai ɗakinki ne," in ji ɗiyar ƙanenta, wadda ta raina tun tana cikin tsumma, yanzu kuma kowa a asibitin Dakta yake ce mata.

"Ɗakina yana da zafi. Wannan ɗakin ajiye gawa ne. Ku rage sanyin nan kafin gwiwoyina su kai ƙara."

Wani siririn mutum mai tabarau ya miƙe daga gaban kwamfuta, ya rusuna ya gaishe ta. Shi ne Injiniya, abokin aikin Dakta. Shekara uku suka yi su biyun suna ɗaukar hoton ƴan gilasan da ke cikin akwatunan, dubu goma sha biyu, kowanne da busasshen kakin wani bawan Allah a shafe. Sukan nuna wa kwamfuta hoton, su gaya mata abin da tsohuwar rajista ta ce, akwai ƙwayar tarin tibi ko babu, har ta koyi ba da amsar da kanta. Yanzu cikin ɗari tana cin casa'in da shida. Ranar Alhamis za su aika wa wata babbar mujalla sakamakon, daga nan a kai na'urar ƙananan asibitocin ƙauye guda arba'in, inda babu mai duba madubi ko ɗaya. Gwaggo kuwa an ɗauko ta ne don a yi mata hoto kusa da na'urar, a sa a shafin godiya.

"Mama, bari ki ga jikarki," in ji Injiniya. "Aikinki ta sha ta girma."

"To, Allah ya sa ba ta gado baƙin halina ba."

Ya zaro gilashi daga wani akwati, ya zura a bakin na'urar. Kafin a ce kwabo allon ya nuna ja: akwai. Ya sa wani, ya nuna kore: babu. Gwaggo ta tuna yadda takan yi minti goma sha biyar a kan gilashi ɗaya, wuya a sunkuye, tana bin fili ɗari ɗaya bayan ɗaya kafin ta yarda ta rubuta babu. Ta ji wani abu a ranta, ta kuma san sunansa. Kishi ne, ba ta yi wa kanta ƙarya ba.

Amma a gilashi na biyar sai ta lura bakinta yana riga na'urar. Tun abin yana hannun Injiniya take cewa a ranta akwai, allo ya yi ja. Ta ce babu, ya yi kore. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Gwaggo ba ta taɓa yarda da wannan magana ba, don ta ga manya da yawa da ba sa hango ko ƙofar gidansu. Ƙwayar tibi kuwa ba a ganin ta da ido, ko na babba ko na yaro. To, me take gani?

"Ɗan nan, miƙo mini guda ashirin. Haɗa daga akwati daban-daban, kada ka duba lamba."

Ta je bakin taga tana ɗaga su ɗaya-ɗaya a hasken rana, tana ajiye wasu dama, wasu hagu. Ba ta yi minti biyu ba ta gama.

"Na dama akwai, na hagu babu. Duba rajistarka."

Injiniya ya duba yana murmushi irin na mai biye wa tsohuwa. Da ya kai na goma murmushin ya tafi. Goma sha takwas ta ci.

"Gwaggo, duba kika fara bayan ritaya?" in ji Dakta tana dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba.

"Da na iya duba da na san ranar da za ki yi aure. Zo ki gani." Ta ɗaga biyu a jere. "Wannan shuɗin mai haske, kamar sama bayan an ɗauke ruwa, hannuna ne. Wannan mai duhu kamar an zubar da tawada, hannun Bari-in-ƙarasa ne."

Dakta ta san sunan. Tana ƙarama yakan ɗora ta a kan doguwar kujerar ɗakin, ya ba ta fankon kwali ta yi wasa. Shi ne abokin aikin Gwaggo na shekara talatin da biyu, ya rasu shekara biyu kafin ta bar aiki.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. A rina gilashi da ja, a wanke, sannan a zuba shuɗi na minti ɗaya cif, don jajayen ƙwayoyin su fito fili a kan shuɗin. Gwaggo da agogo take yi. Shi kuwa da hira yake auna nasa. Zai zuba shuɗi ya juyo ya kama labarin yadda ya taɓa bin wani ɓarawon keke har gari na gaba, sai da ya kama shi ya ga keken ba nasa ba ne. In ta ce masa, "Malam, minti ya wuce," sai ya ɗaga hannu ya ce bari in ƙarasa. Haka sunan ya bi shi har masu shara. Sau uku shugaban sashe yana ba shi takardar gargaɗi, sau uku yana ninke ta ya tokare ƙafar teburin da ke rawa. Amma idonsa a madubi, ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ko cikin wannan duhun shuɗi ƙwaya ɗaya ba ta tsere masa.

"To, sai muka raba aiki," in ji Gwaggo. "Ba a rubuce yake ba, tsakaninmu ne. Ni nake ɗaukar na ɗakin masu ciwon ƙirji, waɗanda suka riga suka rame suna tarin jini, don likitoci na jiran amsa kafin azahar, ni ce mai sauri. Shi kuma ya ɗauki na masu neman aiki da ɗalibai da ma'aikatan masaƙa da ake turowa gwajin shekara. Mutane garau. Cikin ɗari da wuya ka sami biyu. Kin gane? Nawa kusan duk akwai, nasa kusan duk babu."



"Mama, ba launi take kallo ba," in ji Injiniya a hankali. "Siffar ƙwayar take nema."

"Ita ta gaya maka?"

Ya juya ya dubi allon.

"Na koyar da ɗalibai sun fi ɗari a ɗakin nan. Mai wayon cikinsu ba ya koyon aiki, malami yake koyo. In ya ga na ɗaure fuska ya ce akwai. Jikar nan tawa wayo gare ta. Ina huɗun da take faɗuwa cikin ɗari? Kuna da su?"

"Muna da su," in ji Dakta. "Mun duba, babu wani abu da ya haɗa su. Maza da mata, yara da manya."

"Jera mini su da kwanan wata."

Injiniya ya taɓa kwamfuta, jerin ya sauya. Gwaggo ta gyara tabarau ta matso. Da farko ɗai-ɗai suke, nan ɗaya, can biyu. Sai aka zo wata shekara, layi ya cika allo, ya zarce shafi na biyu, ya shiga na uku. Wata uku a jere, kusan duka rajista ta ce akwai, na'ura ta ce babu.

Dakta ta daɗe tana kallon shekarar. Ita ce shekarar da aka haife ta.

"Kwananki tara mahaifiyarki ta rasu," in ji Gwaggo, muryarta ta sauka. "Na ɗauki hutun wata uku na zauna da ke. Ba kya karɓar madara sai a cokali, kuka kuwa kamar ana yanka ki. Shi ya riƙe ɗakin nan shi kaɗai, nasa da nawa. Kullum in ya tashi aiki sai ya biyo ya tsaya a ƙofar gida ya ce, ya mai sunan likita? Tun ba ki san kanki ba ya ba ki aikin."

Ta sa aka sauko da akwatin shekarar. A kusurwa akwai tsohon madubi a lulluɓe da leda. Ta yaye, ta ɗiga mai a kan gilashi, yatsunta suka sami abin juyawar da kansu ba tare da ta duba ba. Ta juya kaɗan, ta ja baya.

"Zo, Dakta."

Dakta ta sunkuya. Cikin duhun shuɗin, jajayen sanduna ne birjik, wasu a tsaye, wasu a gicciye, kamar an watsar da ƙwayar ashana. Ta ciro gilashin da hannunta, ta goge man, ta zura a na'urar. Allo ya yi kore.

Ta zauna a kan doguwar kujera. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Shekara uku, Gwaggo. Kullum ina zuwa gidanki ina ba ki labarin aikin nan. Me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Rajista kuka tambaya, ita kuwa ba ta san wanda ya riƙe kwalbar shuɗi ba. Ni ma ban tuna ba sai da na gani. Ke kika ce in zo a yi hoto."

"Da ban kawo ki ba."

"Da ba ki kawo ni ba."

Injiniya ya share gumi duk da sanyin ɗakin. "Dakta, casa'in da shida dai gaskiya ne, ba mu ƙirƙira ba. Za mu iya aikawa ranar Alhamis, mu ƙara layi biyu a ƙarshe cewa launin rini na iya yin tasiri. Kowa haka yake yi. In muka janye yanzu, waɗancan na ɗaya jami'ar za su riga mu, kin san sun kusa."

Dakta ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta san wannan kallon, shi take yi mata tun tana firamare in tana so a ce mata je ki, ba komai. Ta ji kalmar ta zo mata har baki. Yarinyar nan ta rame a kan aikin, ta ƙi miji biyu, ta yi furfura a gefen kunne tun ba ta kai arba'in ba.

"Ni ban san mujalla ba," ta ce. "Abin da na sani, a ƙauye wanda zai zuba shuɗin nan shi ne mai ba da kati, shi ne mai allura, shi ne mai karɓar haihuwa in ta kama. Zai zuba, a kira shi, ya dawo bayan minti goma. Duk hannun Bari-in-ƙarasa ne a can, ba kuma idonsa. Mai tari zai koma gida da takarda an ce lafiyarsa lau, ya kwanta ɗaki ɗaya da ƴaƴansa."

A waje wani ya wuce yana tura gadon marasa lafiya, ƙafa ɗaya tana ƙara.

Dakta ta jawo kwamfutar gabanta. Ta buɗe takardar, ta kai kan lambar da ke layin farko, ta tsaya. Sannan ta goge ta. Injiniya ya cire tabarau ya rufe ido da tafin hannu.

"Sai mun sake daga tushe," ta ce da shi. "Mu raba gilasan hannu-hannu, mu cire launin, mu ga abin da ta iya na gaskiya. Wataƙila saba'in. Wataƙila ko hakan ba ta kai ba."

"Shekara guda ke nan, in an yi sa'a."

"Na sani." Ta juyo. "Ke kuma, tunda kin ɓata mana, ba inda za ki. Dubu goma sha biyu ne, kowanne sai kin gaya mana hannun wa."

"Da kuɗin mota da shayi. Kuma a kashe sanyin nan."

Dakta ta yi ɗan murmushi, ta goge ido da bayan hannu, ta fara rubutu. "Dole mu bayyana yadda kuka raba aikin. Ba a sa suna a irin wannan takarda. Za mu ce ma'aikaci na ɗaya da ma'aikaci na biyu. Ke ce ta ɗaya."

Gwaggo ta ɗauki gilashin nan mai duhu, ta riƙe shi ta gefe-gefe yadda ake riƙewa, ta mayar da shi gurbinsa a cikin akwati.

"Sa shi na ɗaya," ta ce. "Na tarar da shi a ɗakin."