Kukan Famfon Mai

A layin makanikai babu mai kiransa da sunansa na gaskiya, Mai Kunne kowa ke cewa. A zamanin ƙarfinsa, mota na shigowa gareji zai ɗaga hannu ya ce, "Kada ka kashe," ya karkata kai, ya faɗi abin da ke damunta tun ba a buɗe bonet ba. Yanzu furfura ta cika masa kai, aiki ya ja baya, amma sunan bai sake shi ba.

Motar da ta gagare shi ta 'yarsa ce, Auta. Tsohuwar mota ce da ya gyara da hannunsa ya ba ta lokacin da ta sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, can ƙarshen gari. Ta daɗe tana kai ta tana dawo da ita lafiya, sai kwatsam ta tsiri wani hali. Da safe bugu ɗaya take tashi, ta yi ta tafiya sumul, inji na ɗaukar zafi sai ta mutu ana cikin gudu. Auta ta gangara gefen titi ta jira. In ta huce, ta tashi kamar ba ita ba.

"Baba, motar nan ta fi ni sanin lokacin hutu," in ji Auta ranar da ta fara kawo ƙara.

"Ƙaramin abu ne. Bar mini makullin."

Ya canja matatar mai, ya sa sababbin fulogi, ya kankare kan batir. Ba ta daina ba. Ya zargi kwil, mai ba fulogi wuta, ya canja shi. Ya duba lagireto ko zafi ne ke yi mata yawa, ruwa na nan cike. Abin haushin, a gareji ba ta taɓa mutuwa. Sai ya bar ta a kunne har inuwa ta juya, tana ta aiki lafiya lau, kamar marar lafiyan da ke warkewa da ya ga likita.

Dariya ta ƙare a bakin Auta ranar da shugabarta ta kira ta ofis. Marasa lafiya na zuwa da azumin gwaji tun sassafe, su zauna a benci suna jiran mai ɗibar jini, ita kuwa tana bakin titi tana jiran inji ya huce. An gaya mata in ta sake makara ta nemi wani wurin.

"Gobe tare za mu tafi," Mai Kunne ya ce. "A gabana zan so ta yi."

Ta kuwa yi. Sun wuce kasuwa, sun fara hawan wata 'yar tudu kusa da mahaɗar tituna, sai Auta ta ce, "Ka ji ko? Ya ɗauke." Ba ta rufe baki ba motar ta mutu.

"Me ya ɗauke?"

"Wannan kukan da take yi daga baya, kamar na sauro. Kullum shi ke fara ɗaukewa, sannan ta mutu. Ai na ɗauka kana ji, shi ya sa ban taɓa faɗa ba."

Mai Kunne ya san wannan kukan sarai, famfon mai ne da ke cikin tanki. In ya ɗauke, wuta ce ta daina isa gare shi. Da a da ne, tun ranar farko zai kama shi. Sai dai tun da suka bar gida bai ji komai daga baya ba. Ya buɗe ƙofa ya fita ba tare da ya dube ta ba, ya zagaya ta wajen titi, ya duƙa kusa da tankin yana neman abin da ya riga ya san ba zai ji ba.

Wata babbar mota ta gangaro tana ta danna hon. Masu shaguna suka ɗau ihu. Shi dai yana duƙe. Auta ce ta fito a guje ta finciko rigarsa, suka faɗi tare a jikin but ɗin motarta, babbar motar ta share madubin gefe ta tsaya a gaba. Direban ya leƙo yana zagi.

"Kai tsoho, kurma ne kai?"

Bakin direban ya gani yana motsi, ya tsinci kalmar ƙarshe kawai. Ya juya ya ga Auta tana kallonsa, gwiwarta na jini, ba ta ko damu da shi ba. Mamarta ta sha cewa sai ta maimaita magana sau da yawa kafin ya amsa, shi kuma ya ce ita ce ke magana ƙasa-ƙasa. Yau babu wanda za a ɗora wa laifin.

Da suka lallaɓa gareji ya cire kujerar baya, ya kira maƙwabcinsa mai gyaran wayoyin wutar mota, wanda a hannun Mai Kunne ya koyi riƙe sifana kafin ya buɗe nasa wurin. Mai waya ya taɓa wayar famfon, robar jikinta ta rududduge a yatsunsa kamar busasshen ganye. Ya bi ta zuwa gaba, ya buɗe ɗaurin wayoyin, duk haka suke.

"Maigida," ya ce da ƙarfi, yana kallon fuskarsa, "zafi ne ke buɗe ta, in ta huce ta koma ta haɗu. Zan ɗaure wannan. Amma in na ɗaure wannan yau, gobe waccan za ta saki. Kuma ka san an daina kawo wayar irin wannan motar."

"Ɗaure dai."

Ya ɗaure. Motar ta yi 'yan kwanaki tana tafiya, har Auta ta fara sakin jiki. Sai wata safiya ta mutu a tsakiyar gada, wannan karon ba ta sake tashi ba ko da ta huce. Jan ta aka yi zuwa gareji.

Da yamma yana zaune a falo Auta ta shigo da farar rigar aikinta a ninke cikin leda. Ta zauna kusa da mamarta, suka yi ta magana a gabansa, ba su ko rage murya don shi ba. Ya ga uwar ta dafe ƙirji, ya ga Auta na share ido da bayan hannu.

"Me kuka ce?"

"Ba komai, Baba," Auta ta ɗaga murya. "Hutu aka ba ni."

Ya gyaɗa kai. Bai sake tambaya ba.

Auta ta ce za ta kai shi a duba kunnen, ya ce to, amma kullum da uzurin da zai kawo. Motar kuwa aka ɗora ta a kan duwatsu a bayan gareji. Wata rana wani mai tasi ya zo yana zagaya ta, ya ce ƙofar baya yake so, tasa ta lotse. Sai da ya faɗa ya sake faɗa, ya nuna da hannu. Mai Kunne ya daɗe yana kallon ƙofar. Daga nan ya tashi da ƙyar, ya ɗauko sifana, ya fara kwance ta da kansa.