Rabon Littattafan Madugu

Isyaku ya jingine kekensa a gindin dalbejiyar ƙofar gidan, ya taɓa ƙirjinsa ya ji littafin yana nan cikin riga. Takalma sun cika bakin zaure. Ya tsaya yana goge baƙin hannunsa a gefen wando, duk da ya san ba fita zai yi ba. Hannun mai facin taya haka yake.

Yau ake rabon gadon Malam Lawan. Tun ranar sadakar uku liman ya yi shela cewa duk mai riƙe da kayan mamaci ya kawo, duk mai kaya a wurin mamaci kuma ya zo ya faɗa. Isyaku yana cikin kashi biyun. Shi ya sa ya rufe rumfarsa ta bakin titin Zariya a Gyaɗi-Gyaɗi, ya tako keke ta cikin gonaki har Tarauni.

A rumfar nan suka fara haɗuwa. Malam Lawan, tsohon akawun filin jirgin sama, ya kawo kekensa faci, ya tarar da saurayin yana karanta yagaggiyar jaridar Turanci da aka ƙunso masa gyaɗa a ciki. Ya tambaye shi inda ya tsaya a makaranta. Isyaku ya ce aji biyu na sakandare, daga nan mahaifinsa ya rasu. Washegari dattijon ya dawo da wani ɗan littafi mai hoton jirgi a tsakiyar taurari, da lamba ɗaya a gefen bangonsa.

Labarin wasu mutane ne da jirginsu ya ɓace a sararin samaniya, suna bin duniya bayan duniya suna neman hanyar gida. Sunan shugabansu ya ƙi zama a bakin Malam Lawan, sai suka raɗa masa Madugu. Labarin ba ya ƙarewa. Kowane littafi yana miƙa ka ga na gabansa. Malam ya tara nasa daga waɗanda fasinjoji ke mantawa a kujerun jira, don haka duk giɓi ne. Isyaku ya ɗauki aikin cike giɓin. Ranar Lahadi yana Sabon Gari, tsugune gaban masu tsofaffin littattafai, yana juya tarin da ƙura ta rufe. Ɗakin da yake haya yana yoyo, ga gara, saboda haka duk abin da ya samo a akwatin ƙarfen Malam ake jera shi. Ba wanda ya taɓa rubuta suna a kan ko ɗaya.

Ya yi sallama ya shiga. Malam Maje, limamin unguwa, yana zaune a kan buzu da kayan mamaci a gabansa: riguna, rediyo, agogon bango, fitilar ƙwai, da akwatin nan a buɗe. Mu'azu, ɗan marigayin, direban babbar mota, yana jingine da bango. 'Yar'uwarsa Hasana, wadda ke aure a Gusau, tana bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, gefen mayafinta kawai ake gani.

"A'a, ga ɗan sama jannati," in ji Mu'azu. "Yau daga wace duniyar?"

Aka yi 'yar dariya. Isyaku ya durƙusa ya gaida liman, ya nemi gefe ya zauna. Sai a lokacin ya lura da abin da ake yi. Wani dattijo yana ciro littattafan yadda hannunsa ya kai, yana ajiye biyu a dama, ɗaya a hagu, biyu a dama, ɗaya a hagu. Namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Tarin dama har ya kai gwiwa.

"Allah gafarta Malam," in ji Isyaku. "Waɗannan ba sa rabuwa."

"Me zai hana?" in ji liman. "Ai duk girmansu ɗaya. Mun ma ce ba mu taɓa samun kaya masu sauƙin rabo irinsu ba."

"Labari ɗaya ne. In aka cire ɗaya daga tsakiya, kamar an cire tsani ɗaya ne daga..." Ya nuna tarin biyu. "Na hagu ba zai san abin da ya faru a na dama ba."

"Na dama ma ba zai sani ba," in ji Mu'azu. "Mai tsiren bakin tasha ya riga ya yi mini magana. Ya ce takardar tana shan mai."

Isyaku ya dubi tarin. A sama akwai wanda Madugu ya binne matuƙinsa a duniyar ƙanƙara. Shi ya samo shi, ranar da ruwa ya dake shi daga Sabon Gari har gida. Ya zaro na cikin rigarsa ya ajiye a gaban liman.

"Wannan na Malam ne, yana hannuna. Amma a cikin akwatin akwai nawa, kusan rabi."

Liman ya gyara zama.

"To, wannan magana ce. Ba a raba haƙƙin wani a cikin gado. Mu'azu, ka san da haka?"

"Baba ya sha faɗa," in ji Mu'azu, ya ɗaga kafaɗa. "Ya kwashe nasa. Ya rage mini kaya."

"Tashi ka ware naka, yaro," in ji liman.

Isyaku ya matsa ya fara. Bai buƙaci tunani ba, hannunsa ya san su. Wannan mai tabon shayi, wannan da ya ɗinke da zaren faci. Tari ya zama uku. Yana cikin haka aka yi gyaran murya daga bayan ƙofa.

"Baba Liman," in ji Hasana, "in an yarda, ni a bar mini littattafan. Yaya Mu'azu ya ɗauki kasona na rediyo da agogo."

Mu'azu ya miƙe zaune. "Da gaske kike? Takardu?"

"Da gaske nake."

"Baba Liman, a shaida kafin ta farka."

"In kun yarda ku biyun, ya halatta," in ji liman. Dattijon nan ya tura tarin dama ya haɗe da na hagu. Saura tari biyu: na Hasana da na Isyaku.

"Malam Isyaku," ta ce, "littafin da suka sauka a duniyar nan mai rana biyu, yana wane ɓangare?"

Hannunsa ya tsaya a kan littafin. Shekarun nan duka bai taɓa jin wani mahaluƙi ya ambaci wurin nan ba in ba Malam ba. A rumfa in ya fara ba da labarin, direbobi sai su ce ya ƙara iska a tayar baya.

"Yana wurina," ya ce. "Kin karanta?"

"Kafin a yi mini aure ni nake karanta wa Baba in idonsa ya gaji. Na tsaya a inda aka kama Madugu. In na zo ganin gida nakan so in tambaye shi, sai in ga kamar ba maganar matar aure ba ce." Ta gyara mayafinta. "Can ba ni da wanda zan yi wa zancen. Gobe da safe za mu koma."

Isyaku ya dubi nasa tarin. Ya riga ya kafa katakon da zai jera su a bangon ɗakinsa, a gefen da ba ya yoyo. In ya ɗauka, yana da rabin labarin da ya riga ya sani duka. Ita kuma za ta kai Gusau da rabin da ba zai kai ta ko'ina ba. Za ta bar Madugu a kurkuku, ta buɗe na gaba ta same shi a wata duniya, ba ta san yadda ya fita ba.

Ya sa hannu biyu ya tura tarinsa har ya haɗu da nata.

"Na ba ta," ya ce wa liman. "A shaida."

"Kai ma a shaida kafin ka farka?" in ji Mu'azu. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Aka ci gaba da riguna. Isyaku ya ja akwatin gefe yana jera littattafan bisa lambarsu, daga ɗaya har na ƙarshen da ya kawo. Da aka shafa fatiha mutane suka watse, Mu'azu ya fita da rediyo a hammata. Gefen mayafin yana nan a bayan ƙofa.

"Wanda ka kawo ɗin, ya ƙare lafiya?" ta ce.

"Ban sani ba. Babin ƙarshe tare muke karantawa da Malam, bayan la'asar, a gindin bishiyar can. Ni in karanta, shi ya yi ta gardama da Madugu. Wannan karon ban samu kawowa ba."

"To, ka tafi da shi ka ƙarasa. In an samu mai zuwa Gusau sai ka aiko."

Ya san ba za a samu ba. Ya ciro littafin, ya buɗe inda ya sa tsinken tsintsiya.

"In ba ki da aiki, ba shi da tsawo."

Ya ji ta jawo kujera 'yar tsuguno. Ya zauna a bakin zaure inda haske yake, ya ba ƙofar baya, ya fara karantawa a hankali, yana tuntuɓe a kan dogayen kalmomi. Sau ɗaya ta gyara masa. Sau ɗaya kuma, da Madugu ya yarda da baƙon da ya ce ya san hanya, ta ce, "Wannan mutumin ba ya jin magana," daidai yadda Malam zai faɗa. Isyaku ya daɗe bai ɗago daga shafin ba.

Su Madugu ba su isa gida ba. Jirgin ya juya ya nufi wani tauraro, a ƙasan shafin kuma aka rubuta lambar littafi na gaba, wanda ba ya cikin akwatin. Ya rufe, ya sa shi a gurbinsa, ya danna murfin ƙarfen.

"Allah ya saka da alheri, Malam Isyaku."

"Allah ya kiyaye hanya. A riƙa ɗaga shi daga ƙasa, saboda gara."

Ya ɗauki kekensa ya bi ta gonaki. Dawa ta yi tsawo, ba kowa a hanyar. Keken ya yi masa sauƙi, rigarsa tana kaɗawa a inda littafin yake ɗazu. Sai da ya hango rumfarsa ya gane cewa tun daga Tarauni yake maimaita lambar nan a bakinsa, kuma jibi Lahadi.